Kwarin da Ke Tafiya da Baya

Ina da wani kawu a ɗaya daga cikin unguwannin arewacin garin Gombe, wanda da taku yake auna damina. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, sai ya jingina bayansa da katangar bayan gida, ya taka har bakin kwari yana ƙirgawa, ya dawo ya rubuta adadin da gawayi a jikin bangon zaure. Lokacin da ya tare a gidan, wurin 'yar hanyar ruwa ce da yara ke tsallakewa da ƙafa ɗaya idan an aike su. Ranar da na fara lura da rubutun, taku arba'in ne da 'yan kai. Da na koma bara, sha ɗaya na gani. Dogonyaron da muke shan inuwarsa muna yara yana can ƙasa a kwance, saiwoyinsa na kallon sama.

Na ce, "Kawu, ba za ka tashi ba?"

Ya ce, "In tashi in je ina, ɗan nan? Abin da ke ɗaure mini kai, ruwan nan gabas yake gangarawa, amma kwarin yamma yake tahowa. Kai da ka yi boko, gaya mini yadda rami yake hawa tudu."

A ranar ban ba shi amsa mai gamsarwa ba. Tambayarsa kuwa ita ce gindin maganar zaizayar ƙasa a Gombe, kuma wanda ya gane amsarta zai gane dalilin da ya sa buhunan yashi da tsofaffin tayoyi da sharar da muke jibgawa a bakin kwari ba sa hana shi cin gidaje.

Sai an fara duba inda garin yake zaune. Masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa a zamanin jihadi tana da hedikwata ne a Gombe Abba. Turawa suka mayar da ita Nafada a 1913, sannan a 1919 aka dawo da ita Doma, wato inda garin yake a yau. Wurin kamar kwano ne da aka karkata. Duk wanda ya shigo daga hanyar Bauchi ya san yadda mota ke sulalowa daga Tumfure, garin ya bayyana a ƙasa kamar an shimfiɗa tabarma. Tsakanin tudun yamma da ƙasan gabas wajen dutsen Liji akwai bambancin tsayi da ya kai wajen mita 200 a 'yar tazara kaɗan. Duk ɗigon da ya sauka a tudun nan, in bai nutse ba, ta cikin gari zai bi ya nufi gabas, ɓangaren kogin Gongola.

Ƙasar kanta ba ta taimaka ba. Ta yamma da tsakiyar gari yawanci jan yashi ne da dutsen yashi marar ƙwari, irin wanda masana ke kira shimfiɗar Kerri-Kerri da kuma dutsen yashin Gombe. Ka ɗauki dunƙule guda ka jefa a bokitin ruwa, kafin ka gama alwala ya narke. Can gabas kuma akwai laka, wadda ke kumbura da damina, ta tsattsage da rani, ta buɗe wa ruwan fari ƙofofin shiga. Ruwan da Gombe ke samu a shekara bai kai mita ɗaya ba, kuma da a ce a hankali yake zuwa cikin wata goma sha biyu, da babu wanda zai yi kuka da shi. Amma mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba yake zubowa, wani lokaci rabon mako biyu ya sauka tsakanin la'asar da magariba.

Duk wannan yana nan tun kafin a haifi kakanninmu. Abin da ya sauya shi ne abin da muka shimfiɗa a kan tudun. A ranar 1 ga Oktoban 1996 aka yanke jihar Gombe daga Bauchi, garin ya zama babban birni, ma'aikata da 'yan kasuwa suka kwararo. Ƙidayar 2006 ta samu mutum sama da dubu 260 a ƙaramar hukumar Gombe kaɗai, ban da unguwannin da suka tsallaka cikin Akko. Daga baya rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawa suka zauna ke nan. Gonaki da dazukan da ke saman gari suka koma fulotai, fulotai suka koma rufin kwano da daɓen siminti.

Ga wani lissafi da kowa zai iya yi a bayan ambulan. Idan aka ce an yi ruwa milimita 1, ana nufin kowane murabba'in mita ya samu lita 1. Fulotin da muka saba da shi, ƙafa 50 a ƙafa 100, ya ɗan haura murabba'in mita 450. Ruwa mai ƙarfi na milimita 50, irin wanda ba baƙo ba ne a watan Agusta, zai zuba wa fulotin nan kusan lita 23,000. Jarka mai lita 25 sama da 900 ke nan, a gida ɗaya, cikin awa ɗaya ko biyu. Ka tuna nawa kake ba ɗan ga-ruwa a kan kura guda a watan Maris. Lokacin da fulotin yake gona, ciyawa da ganye da ramukan gara da saiwoyi sukan shanye mafi yawan ruwan, kashi ɗaya ko biyu cikin goma ne ke gudu. Yau mai gida ya rufe rabi da kwano, ya malale sauran da siminti ko intalok don kada yara su shigo da taɓo ɗaki, ya huda katanga ya sa bututu yana fitar da ruwan waje. Yanzu kashi takwas ko tara ne ke gudu. Maƙwabcinsa ma haka ya yi, da na gaba da shi. A murabba'in kilomita ɗaya, ruwan nan na milimita 50 lita miliyan 50 ne, kimanin tankar mai 1,500, kuma duk layin unguwa ɗaya suke nema su bi.

Ba yawan ne kaɗai ya ƙaru ba, har da sauri, kuma a wurin sauri ne ilimin ya fi ba da mamaki. Ruwa abu ne mai nauyi. Akwatin da ke da mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, in an cika shi da ruwa, tan guda ne cur. Idan gudunsa ya ninka sau biyu, ƙarfin dukansa sau huɗu yake ninkawa. Nauyin dutsen da zai iya turawa kuwa, bisa wata tsohuwar ƙa'ida da injiniyoyin ruwa ke aiki da ita, yana iya ninkawa har sau 64. Shi ya sa ruwan da jiya tsakuwa kawai yake gangarawa da ita, yau da aka gyara masa hanya ta yi santsi sai ka ga ya ɗauke bulo, gobe ya ɗauke kwalbati. Kwalta da lambatun siminti ba sa rage ruwa ko da cokali ɗaya. Tattara shi suke yi su ƙara masa gudu su kai shi wani wuri. Idan ɗan kwangila ya gina lambatu mai kyau na kilomita guda, kuɗi suka ƙare, ya sake bakinsa a kan jan yashi a ƙarshen unguwa, to ya ɗana wa mutanen wurin bindiga ya tafi. Kwaruruka da dama a garuruwanmu daga bakin irin wannan lambatu ko kwalbatin titi suka samo asali.

Yanzu mu koma ga tambayar kawu. Je ka kan kwari, wato can sama inda ya fara, bayan an ɗauke ruwa. Za ka ga wuri kamar matakala guda mai zurfi, inda ruwa ke faɗowa daga ƙasa mai lafiya zuwa cikin rami. Saman matakalar yakan yi ɗan tauri saboda saiwoyin ciyawa da takun mutane. Ruwan da ya faɗo sai ya daki gindi, ya yi juyi kamar ana dama fura, ya riƙa ƙwaƙule yashi mai laushi da ke ƙarƙashin wannan ɓawon. A hankali sai kogo ya samu, leɓen sama ya rage a rataye ba abin da ke riƙe da shi. Rana ɗaya ya karye ya faɗa, ruwa ya kwashe ɓaraguzan, sabuwar matakala ta bayyana taku biyu ko uku a bayan ta jiya. Haka zai yi ta yi. Ruwa na gangarawa gabas, wurin faɗuwarsa na ja da baya zuwa yamma, yana bin sawun ruwan har inda ya fito. Kowane layi da ke zuba ruwa a cikin kwarin daga gefe shi ma yana samun tasa matakalar, ya fara nasa ja da bayan. Shi ya sa in ka hango kwarin daga sama yake kama da bishiya mai rassa, rassan kuma cikin unguwa suke shiga.

Faɗinsa kuma wata hanya ce daban, wadda ke kashe mutane don ba ta da hayaniya. Yaron da ya taɓa gina ɗaki da yashi a bakin rafi ya san sirrin: busasshen yashi ba ya tsayawa, mai ɗan danshi yana tsayawa kamar bango, wanda ya jiƙe sharkaf kuma malalewa yake yi. Ɗan danshin nan shi ke riƙe ƙwayoyin yashi da juna. Idan aka kwana biyu ana ruwa, gaɓar kwari ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ƙaru, riƙon ya saki, ga kuma ambaliya ta riga ta yanke mata ƙafa daga ƙasa. Sau da yawa ba a tsakiyar ruwan take zubewa ba. Sai an ɗauke, ruwan cikin kwarin da ke tokare da ita ya janye, mutane sun fito kallo sun tsaya a baki, sannan ta tafi da su. Alamarta tsaga ce da ke bin tsawon gaɓar, taku kaɗan daga baki. Duk wanda ya ga wannan tsaga a tsakar gidansa, ko ya ga ƙofar ɗaki ta fara cijewa ba dalili, ƙasar ta riga ta fara tafiya. Masai da rijiyar ruwan wanka da aka haƙa kusa da baki suna ƙara jiƙa gaɓar daga ciki, rani da damina.

A nan ne nake da ja da wata al'ada tamu. Mutane na zuba shara a kwari da kyakkyawar niyya, wai ana cike shi. Shara ba ta da nauyin da za ta danne komai, ba ta kuma haɗuwa ta zama ƙasa. Leda ce da tsumma da robar ruwa. Tana hana ciyawa fitowa a gaɓa, tana riƙe danshi, idan ruwa ya zo kuma ya kwashe ta ya kai bakin kwalbati na gaba ya toshe. Ruwan da ya rasa hanya sai ya taru ya haura titi, ya faɗo ta ɗaya gefen, ga sabuwar matakala an haifa. Buhun yashi ya fi shara, amma rana na cinye buhun kafin damina biyu, kuma in ka tare ruwa a ƙofarka ba tare da ka ba shi wurin zuwa ba, gidan maƙwabci ka aika shi. Rigingimu nawa masu unguwa suka sasanta a kan wannan? Masu tifa da ke ɗiban yashi a cikin kwari su ma suna ƙara masa zurfi, kowane zurfi kuma ƙarin tsayin matakala ne, ƙarin ƙarfin faɗuwa. Ba na cewa a hana su neman abinci, ginin garin ma da yashin ake yi. Amma akwai wuraren da cikin tifa ɗaya ke jawo asarar ɗaki.

Mutanen Gombe ba sa bukatar a ba su labarin ƙarfin ruwan kwari. Waɗanda suka ga ambaliyar Agustan 2004 har yau suna maganarta, yadda ruwa ya ratsa tsakiyar gari ya tafi da rayuka da gidaje. Duk da haka kowace damina sai ka ga ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ya tsaya a bakin mashigi yana auna ruwa da ido, fasinja na cewa, "Malam, mu je mana, bai kai gwiwa ba." Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba, wato ɗan sama da idon sawu, yana iya kayar da babban mutum. Santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota, don mota akwati ce mai iska a ciki, da zarar ta ɗan taso taya ta rabu da ƙasa, sitiyari da birki sun zama ado. Ruwan kwari kuma ja ne, ɗauke da yashi, ya fi ruwan famfo nauyi, ba ka ganin ko kwaltar da ka bi da safe tana nan a ƙarƙashi. Wani abin da ke yaudarar yara masu wasa a ciki shi ne, ana iya yin rana tarwai a Bolari ko Pantami alhali hadari ya zuba a tudun yamma. Ruwan zai iso bayan wani lokaci, gabansa kamar bango, da ƙara irin ta tirela.

Gwamnati ta yi aiki, ba za a ƙi faɗa ba. A ƙarƙashin shirin NEWMAP na Bankin Duniya an gina kwarin da ya tashi daga Jami'ar Jihar Gombe ya bi ta Malam Inna zuwa Kagarawal. A ƙarshen 2023 Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya ya ƙaddamar da aikin kwarin Kwalejin Ilimi ta Tarayya, mai tsawon kimanin kilomita 21, a ƙarƙashin shirin ACReSAL. Wanda ya san yadda wuraren nan suke a da, ya ga yadda suke yanzu, zai yi hamdala. In ka tsaya ka duba irin wannan gini da kyau, za ka ga dabarar duk ta rage gudu ce. Ana yin matakalai na kankare don ruwa ya sauko kaɗan-kaɗan a inda aka shirya masa, a ƙarƙashin kowace akwai kwarmi mai ƙarfi da zai faɗa ya huce. Ana jera duwatsu a cikin ragar waya, waɗanda ruwa ke ratsawa ya bar yashinsa a baya, kuma in ƙasa ta motsa su lanƙwasa ba su karye ba. Ƙananan ramukan da ke jikin bangon da ke tokare gaɓa ba kuskuren magini ba ne, hanyar fitar ruwan da ya taru a bayan bango ce. In ta toshe, bangon da kansa zai kife.

Sai dai injiniya yana auna faɗin magudana ne da yawan ruwan da yake tsammani daga sama. Idan bayan shekara goma an ƙara gidaje dubu goma a tudu, kowanne da bututunsa a jikin katanga, lissafinsa ya tashi. Kankare na biliyoyin naira yana kare wanda ke bakin kwari, amma ruwan daga gidan wanda bai taɓa ganin kwarin ba yake fitowa. Mai gida a Tumfure ko Shongo da ya malale tsakar gidansa bai san yana da hannu a katangar kawuna ba, kuma ba mugu ba ne. Babu wanda ya taɓa yi masa lissafin jarka 900.

Abin haushin shi ne ruwan nan da muke kora muna bukatarsa. A unguwannin tudu sai an yi zurfi sosai kafin burtsatse ta samu ruwa, garin kuma ya dogara da wanda ake turowa daga madatsar Dadin Kowa, mai nisan kusan kilomita 40. A watan Agusta muna korar ruwa kyauta daga rufinmu, a watan Maris muna sayensa a tanka. Indararo da tankin ƙasa za su riƙe wani kaso. Ramin da aka cika da duwatsu a kusurwar gida, nesa da harsashin gini da masai, zai shanye wani. Barin rabin tsakar gida ƙasa, da bishiya ɗaya ko biyu, zai shanye saura. Wannan na gidajen tudu ne. Wanda ke dab da bakin kwari shi kam nesanta ruwa da gaɓa ya kamace shi. Manoman Tawa da Maraɗi a Nijar sun daɗe da gane wannan a gonakinsu: suna haƙa ramuka masu siffar rabin wata a kan gangare don kowane ɗigo ya tsaya inda ya faɗi, kuma ƙasar da ta mutu ta farfaɗo. Gari ma gangare ne, rufin kwano ne kawai ya maye gurbin fako.

Shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green da aka fara a 2019 yana kan wannan hanya, in dai ana rainon abin da aka dasa, don dashe ba ya kare ƙasa sai ya rayu ya wuce bakin awaki. Ganyen bishiya na tare ɗigon ruwa, wanda ke faɗowa da gudun da ya kai kilomita 30 a awa, yana fasa dunƙulen ƙasa kamar ƙaramar guduma. Amma a gaɓar kwari ciyawa ta fi babbar bishiya aiki. Bishiya mai nauyi a baki, in an ƙwaƙule gindinta, faɗuwa take yi ta tafi da gaɓar gaba ɗaya, kamar dogonyaronmu. Jema, wadda kakanninmu ke saƙa da ita, tana da saiwoyi masu yawa kamar gashi da ke nutsawa ƙasa sosai su ɗinke yashi. In an dasa ta a jere a gicciyen gangare, sai ta zama matsefi, ruwa ya wuce a hankali, ƙasa ta tsaya. Akwai kuma shukar nan mai irin wannan aiki da mutane suka raɗa wa suna ka-fi-kansila, sunan da shi kaɗai ya isa sharhi a kan yadda talaka ke kallon wakilansa.

Da na koma wurin kawu bayan sallar layya, na zauna na zana masa matakalar a ƙasa da tsinke, na nuna masa yadda ruwa ke cin gindi leɓe ya karye. Ya daɗe yana kallo. Sai ya tashi ya ja ni bayan gida, ya nuna mini bututun da ke fitar da ruwan tsakar gidansa, wanda shi da kansa ya sa aka huda shekarun baya. Bakin bututun yana zuba ne kai tsaye ta ɓangaren kwarin, kuma a ƙarƙashinsa wata 'yar rariya ta riga ta zurma, zurfinta ya kai gwiwa, kanta na fuskantar katanga.

Ya ce, "Wato wannan ɗansa ne."

Na ce, "Ɗansa ne, Kawu."

Ya kira ƙaramin jikansa ya ce ya je ya ɗauko masa shebur, ya kuma biya gidan magini ya ce ana nemansa da safe.